Kai na Goma Sha Biyu

Si Jilali mai aski ne a Dawudiyat, can bayan ganuwar Marrakesh. In ka ga namiji a layinsu wanda kansa bai taɓa bi ta hannunsa ba, to ko baƙo ne, ko kuwa sanƙo ne ya riga Si Jilali. Shagon nasa bai taka kara ya karya ba: kujera ɗaya, madubi mai tabo a kusurwa, sai bencin masu jira da ya sha zama har ya yi sheƙi. Shi kansa siririn mutum ne mara hayaniya, mai ɗan gashin baki da furfura ta fara ci. Shekarunsa hamsin da uku a lokacin da abin nan ya faru.

Gudu da girma ya same shi. Yana da arba'in da shida likita ya ce ciwon sukari ya yi masa sallama, sai ya rage burodi da shayi mai zaƙi, ya riƙa takawa a ƙasa. Burodin dai bai ragu ba, don a garin nan wanda ya bar burodi ya bar cin abinci ke nan. Tafiyar ce ya riƙe. Daga tafiya sai sassarfa, daga sassarfa sai gudu a cikin itatuwan zaitun na Manara bayan sallar asuba, sanye da tsohon wandon ƙwallon ɗansa da ya tafi aiki Tanja. Matarsa, Lalla Zuhur, ta ce ta ga maza suna shiga tsufa ta ƙofofi iri-iri, wani ta ƙofar masallaci, wani ta ƙofar gidan shayi, amma nata mijin ya zaɓi ya shiga a guje.

Shekara uku da farawa ya shiga gudun fanfalaki na birni, wanda ake yi duk ƙarshen Janairu, kilomita arba'in da biyu da 'yan kai. Ba kyauta yake nema ba. Masu kyauta kan gama, su yi wanka, su ci abinci, shi yana can cikin dabinai yana fama. Abin da yake so guda ne: ya gama ƙasa da awa huɗu. Wa ya ɗora masa wannan kaya? Babu kowa. Wani malamin makaranta ne, Si Bushta, ya faɗa wata rana yana kan kujerar aski, cewa awa huɗu ita ce iyaka tsakanin mai gudu da mai yawo da gajeren wando. Malamin ya kakkaɓe wuyansa ya tafi, ya ma manta ya faɗa. Si Jilali bai manta ba.

Karon farko ya yi awa huɗu da rabi, wannan ba ya sa shi a lissafi. Na biyu, awa huɗu da minti tara. Na uku, da minti shida. Na huɗu, da minti huɗu, ya dawo gida ya zauna a bakin gado da takalma a ƙafa har aka kira la'asar. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya kuma san shekaru ba sa jiran kowa, abin da ƙafa ta iya bana ba lalle ta iya shi baɗi ba.

Wanda ya gano inda gizo ke saƙar shi ne Miludi, direban tasi, abokinsa tun ƙuruciya. Miludi ya yi gudu a zamanin da yake soja. Yanzu tumbi ya yi gaba ya bar shi, in zai hau bene sai ya huta a tsakiya, amma bakinsa bai yi ritaya ba. Shi ke bin Si Jilali a kan babur ranar tsere, yana ɓullowa ta lunguna da agogo a wuya, yana rubuta lokaci a bayan kwalin sigari. Wata rana ya baje kwalayen shekara uku a kan benci ya nuna masa. Daga farko har kilomita talatin da uku komai lafiya lau. Daga nan sai wani abu ya haɗiye minti huɗu ko biyar, bayansa kuma gudun ba ya ƙara komawa daidai.

“Ƙafarka ba ta da laifi, ɗan'uwana,” in ji Miludi. “Tarbiyya ce ta yi maka yawa.”

Si Jilali bai yi musu ba, don ya san inda kilomita talatin da uku take. Ta bakin layinsu hanyar tseren ke bi. Duk wanda ke tsaye a wurin ya san shi, wasu ma shi ya yi musu askin suna. Mata na guɗa, maza na kiran sunansa. Haj Mbarak mai kanti kan fito har tsakiyar titi ya rungume shi, a sumbaci kunci dama da hagu, a tambayi iyali. Limamin ƙaramin masallaci na nan, surukin Si Jilali na nan. Kuma mu nan ba a wuce babba da ɗaga hannu kamar an ga direban bas. Wanda ya yi haka, sai an tambaya ɗan gidan wa ne.

Duk waɗannan da sauƙi. Babbar maganar tana kusurwar ƙarshe, inda Ba Lahsan, wato Baba Lahsan, ke zama.

Ba Lahsan shi ne mai shagon na asali. Shi ya ɗauki Jilali yana ɗan shekara goma sha ɗaya, bayan rasuwar ubansa, ya ci da shi, ya koya masa riƙon almakashi da wasa aska, ya yi masa aure, sannan da idanunsa suka mutu ya miƙa masa mabuɗi ba tare da wata takarda ba. Yanzu shekarunsa tamanin da shida, yana zaune a cikin lungu tare da 'yarsa Lalla Rkiya. Ba ya zuwa ko'ina sai masallacin Juma'a. Amma ranar tsere, tun hantsi yake sa a fitar masa da kujera bakin titi, ya sa farar jallabiyarsa, a ajiye masa tire da madara da dabino, irin tarbar da ake yi wa alhaji ko ango. Ko shekarar da aka yi ruwa ya fito, aka riƙe masa lema.

In Si Jilali ya iso, sai ya tsaya ya sumbaci kan tsohon. Tsohon ya kama wuyan hannunsa, ya fara gaisuwa: labas, wato lafiya? Ya jiki? Ya Zuhur? Yaron Tanja ya bugo? Labas dai? Alhali shekaranjiya suka rabu. Sai ya sha madara, sai ya ci dabino, sai a sa masa albarka mai tsawo. Minti uku sun tafi. Abin da ya fi muni, ƙafar da ta yi kilomita talatin da uku in ta tsaya sai ta sandare kamar itace, ga madara na kai da komo a ciki. Sauran tafiyar sai dai a ja jiki.

To, a shekara ta biyar Si Jilali ya ƙudurta ba ƙafarsa zai horar ba, zuciyarsa zai horar.

Ya fara da abin da ya sani. Askinsa minti goma sha bakwai ne, ba ƙari ba ragi, har akan ce matan layin na iya ɗora tukunya da shi. Miludi ya yi masa lissafi ya ga cewa in zai gama ƙasa da awa huɗu, sai ya riƙa cin kilomita uku a minti goma sha bakwai cif. Ke nan tseren gaba ɗaya kai goma sha huɗu ne, sai ɗan guntun da ya rage a ƙarshe, kamar kakkaɓe wuya da fesa turare. Da Si Jilali ya ji haka sai abin ya daina ba shi tsoro. Kilomita arba'in da biyu dodo ce, amma kai goma sha huɗu ai jajiberin salla ne kawai, ya sha yin fiye da haka a tsaye ba ko shan ruwa.

Sai ya jera kawunan a zuciyarsa, kowanne da mai shi. Na farko da na biyu na yara ne, masu sauƙi, waɗanda hannu ke son ya yi sauri a kansu, kuma nan ne ake yanke kunne. Haka farkon tsere yake, jiki da ƙarfi, kowa na fizga, wawa ya bi su. Na bakwai na Si Bushta ne mai surutu, sai ka toshe kunne ka yi aikinka. Na goma na wani mahauci ne mai maruru a ƙeya, ana lallaɓa shi. Duk bayan azahar, in shago ya yi shiru, sai ya zauna a kujerar askin ya rufe ido ya aske su ɗaya bayan ɗaya, yana ganin titin da kowane kai ya faɗa. Wanda ya leƙo sai ya zaci barci yake.

Kai na goma sha biyu, wanda ya faɗo daidai kan Dawudiyat, ya daɗe bai ba shi mai shi ba. Daga baya ya daina yaudarar kansa. Na Ba Lahsan ne, wanda yake zuwa har gida ya aske duk Alhamis, da aska da kumfa, don tsohon ya ce injin aski na tumaki ne.

Lissafin Miludi ya bar rarar da ba ta kai minti ɗaya ba. Ya ce a cikinta ko “labas” ɗaya ba ta da wurin zama. Don haka suka shiga koyon wuce mutane. Miludi kan ɓuya a bayan zaitun a Manara, in Si Jilali ya zo wucewa sai ya ƙwala masa kira da muryar tsofaffi. Sati biyu ana yi, duk kira sai wuyan Si Jilali ya juya da kansa. Hali zanen dutse. Da ya fara iyawa sai suka gwada a unguwa. Wata safiya ya wuce Haj Mbarak yana buɗe kanti, ya ɗora hannu a ƙirji kawai, bai tsaya ba. Kafin azahar matar Haj ta aiko a tambayi Lalla Zuhur ko wani abu ya haɗa mazajensu. Da yamma Si Jilali ya je ba da haƙuri, ya sha shayi kofi uku, gaisuwar minti ɗaya ta ci masa awa guda.

Lalla Zuhur ce ta kawo dabara, tana tsinke ganyen na'a-na'a, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce tun da shi da Miludi sun haɗa kai biyu ba su samu rabin ɗaya ba, me zai hana ya yi yadda maniyyata ke yi? Mai tafiya Makka ai gida-gida yake bi kafin ya tashi, ya gaisa, ya nemi gafara. Shi ma ya kai gaisuwarsa tun kafin ranar.

Haka kuwa aka yi. Sati uku kafin tsere, tsakanin la'asar da magariba, Si Jilali ya riƙa rufe shago ya sa jallabiyarsa ta fita, ya bi gidaje. Gida ashirin da uku ya shiga. A kowanne sai an zauna, a kawo shayi da waina da zuma, a tambayi kowa da kowa, sannan ya gyara murya ya ce ranar Lahadi zai wuce ba zai tsaya ba, a yafe masa, ba raini ba ne. Wasu suka yi dariya har da hawaye. Liman ya ce a shekara talatin da limancinsa bai taɓa ganin wanda ya zo neman gafarar laifin da bai riga ya yi ba, amma ya yafe. Haj Mbarak ya rantse zai sa hannuwansa a aljihu. Miludi dai ya yi ta mita, wai zumunta a ƙafa take amma wannan ta koma ciki, don ɗan tserensa ya ƙara kilo guda.

Gida ɗaya ya rage, kuma shi ne wanda yake shiga duk mako.

Alhamis uku a jere Si Jilali yana zuwa da maganar a bakinsa, yana komawa da ita. Yaya za ka dubi mutumin da ya ci da kai ka ce masa kada ya tare ka? Tsohon ba ya ganin tseren. Bai san awa huɗu ba, bai san awa goma ba. Abin da ya sani shi ne rana ɗaya a shekara duk gari na bi ta gabansa, kuma a cikin dubban nan akwai nasa, wanda ke tsayawa. Si Jilali ya san wannan sarai, kuma kunya ta hana shi buɗe baki. Ga shi shekara arba'in yana ba mutane shawara a kan kujera, a faɗa wa uba gaskiya, a faɗa wa suruki gaskiya. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Alhamis ta ƙarshe tsohon ya yi shiru fiye da yadda ya saba, yana ɗan tari. Da aka goge masa kumfa, ya shafa haɓarsa ya ji ko an bar gashi, kamar kullum, sannan ya ce, “Babu abin da za ka gaya mini?”

“Babu, Ba.”

“To,” in ji tsohon.

A hanyar gida Si Jilali ya yanke shawara. Zai wuce. Zai ɗora hannu a ƙirji, ya ɗaga murya ya gaishe shi a guje, in ya gama tsere ya dawo ya durƙusa ya sha faɗan da zai sha. Kwana biyun da suka rage ya yi su yana maimaita wannan wuri ɗaya a zuciyarsa: farar jallabiya a hannun dama, tire, muryar da za ta ce “Jilali, ɗana,” shi kuma ido a kan kwalta, ya ƙirga taku arba'in. Da farko duk ya zo wurin sai ƙirjinsa ya ɗaure. Ya yi ta yi har ya daina ɗaurewa. Ran Asabar ya gaya wa Miludi ya shirya.

Lahadi ta waye da sanyi mai shiga ƙashi, duwatsun kudu sun yi fari fat da ƙanƙara. Aka tashi. Jama'a suka fizga kamar an buɗe wa awaki ƙofa, Si Jilali ya bar su, ya ɗauki almakashinsa ya fara da kan yaro. Minti goma sha bakwai. Na biyu, goma sha bakwai. Wani saurayi mai jan riga ya wuce shi yana ce masa tsoho ya koma gida ya sha shayi. A kai na tara ya same shi a gefen titi riƙe da cinya, ya wuce abinsa. Si Bushta ya yi surutunsa ya sauka. Mahauci ya hau da marurunsa a cikin dabinai, inda hanya ke miƙewa ba kowa, aka lallaɓa shi ya sauka. Da kai na goma sha ɗaya ya ƙare, Miludi ya ɓullo ta wani lungu ya ɗaga masa yatsu huɗu: daƙiƙa arba'in ce a hannunsa. Cinyoyinsa sun yi nauyi, amma numfashi na nan daidai.

Sai ga Dawudiyat. Mutanen kirki, wallahi sun cika alkawari. Guɗa ta tashi, ana kiran sunansa, amma ba wanda ya sauko titi. Haj Mbarak na tsaye da hannuwa a aljihu yana rawar jiki kamar yaron da aka hana taɓa alewa. Liman ya ɗaga masa carbi. Si Jilali ya ɗora hannu a ƙirji, ya sa ido a kwalta, ya tunkari kusurwar ƙarshe yana shirin fara ƙirga.

Babu kujera a wurin. Babu tire, babu farar jallabiya. Wani babur ne kawai aka jingine da bango.

Ya shirya wa murya, ya shirya wa madara, ya shirya wa fushi. Wannan ne kaɗai bai shirya wa ba. Ƙafafunsa suka ci gaba da kansu, taku goma, taku ashirin, zuciyarsa kuwa ta riga ta koma Alhamis: shirun nan, tarin nan, “babu abin da za ka gaya mini?” Mutumin da ya fito cikin ruwa da lema, me zai hana shi fitowa yau? Shekara tamanin da shida. Kuma in wani abu ya faru da safen nan, ai duk layin za su ɓoye masa har ya gama, tun da shi da bakinsa ya roƙe su kada su tsayar da shi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya.

Ya juya. Miludi na can ƙetaren titi yana ihu yana dukan tankin babur, bai ji shi ba. Ya kutsa cikin jama'a ya faɗa lungu, ya wuce gidan burodi, ya wuce famfo, ya buga ƙofa da tafin hannu. Lalla Rkiya ta buɗe, ta gan shi da lamba a ƙirji, ta riƙe baki.

Ba Lahsan na zaune a tsakar gida a kan kujerar tasa, cikin farar jallabiya, garau da shi. Tire na gefensa, madara da dabino, an rufe da ƙyalle.

“Wane ne wannan ke haki kamar jakin masu yashi?”

“Ni ne, Ba. Ban ga kujera ba.”

Tsohon ya buga sandarsa a ƙasa.

“Don kada ka gan ta aka hana ta fita, sakarai. Gida ashirin da uku ka zaga, ni sai a bakin mai na'a-na'a na ji. Tun asuba nake kulle kamar amarya don ka samu ka wuce, shi ne ka biyo ni har ɗaka?”

Si Jilali ya sunkuya ya sumbaci kan da ya aske ran Alhamis. Hannun tsohon ya kamo wuyan hannunsa yadda ya saba, bakinsa har ya fara “lab…”, sai ya katse, ya laluba tire ya cusa masa dabino ɗaya a tafi, ya ture shi.

“Tafi. Madara za ta jira.”

Ya koma titi daidai inda ya fita, don ba ya son a ce ya yanke ko taku ɗaya. Ƙafafun sun riga sun sandare. Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma kawuna biyun ƙarshe ya yi su ne da ƙyar, bai ma san na wa da wa ba ne. Ya tsallaka layin ƙarshe a awa huɗu da minti biyar, dabinon na dunƙule a hannunsa ya narke.

Miludi ya ƙi yi masa magana. Ya tsaya ya juya baya yana duba kwalin sigarinsa kamar zai sami wani lokaci dabam a ciki, daga baya ya je ya sayo masa ruwan lemo, ya miƙa masa yana kallon wani wuri. Lalla Zuhur, da ta ji yadda aka yi, ta ce maza biyu sun so su yi wa juna alheri a ɓoye, ga abin da ya haifar, da sun tambayi mace da an huta. Amma ta dafa masa ruwan zafi da gishiri ya tsoma ƙafa, ba ta ƙara tsokanarsa ba ranar.

Da la'asar ya ɗingisa ya je ya sha madarar. Ba Lahsan ya yi faɗan da zai yi, sannan suka daidaita: baɗi za a fitar da kujera, shi zai zauna ya yi kira, Jilali kuma ya wuce abinsa, in ya tsaya sanda ce. Lalla Rkiya ce shaida.

Ba a kai baɗin ba. Tsohon ya rasu da kaka, lokacin da ake fara kaɗe zaitun, ranar wata Talata, bayan jinyar kwana huɗu.

Da Janairu ta zagayo Si Jilali ya shiga tsere. Bai zaga gidaje ba, ba wanda kuma ya sauko titi. A kusurwar ya ɗora hannu a ƙirji ya wuce. Ya gama a awa uku da minti hamsin da bakwai. Miludi ya yi ta tsalle da tumbinsa yana rungumar mutanen da bai sani ba. Shi kuwa ya karɓi lambar yabonsa, ya nemi gefen titi ya zauna, bai ji daɗin da ya shekara biyar yana jira ba. Ya ce da Miludi ya kai shi gida.

Har yanzu yana gudu, yana kuma lissafi da kawuna. Wasu sun canza, yaran sun girma, mahauci ya bar unguwa. Na goma sha biyu bai ba kowa ba. Miludi ya ce a nan ne kullum yake ɗan rage sauri, kuma ya daina yi masa magana a kai.

Takardar awa uku da hamsin da bakwai tana cikin aljihun tebur tare da tsofaffin asake. Wadda ke manne a gefen madubi ta awa huɗu da minti biyar ce. Kwanaki Si Bushta ya zo aski, ya sa tabarau ya karanta ta, ya girgiza kai ya ce ashe har yanzu da saura, minti biyar ɗin nan a ina suke maƙalewa ne?

Si Jilali ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya ɗauki almakashi.

“Sunkuyar da kai kaɗan, Si Bushta,” ya ce.